Filastan Malam Hudu

Jiya na fita sallar azahar, kafin in dawo wani daga cikinku ya yi mini aikin alheri. Tsohon filastan nan da ke cikin farar leda a jikin allon ofishina, wanda kuka ce ya yi kama da fatar ɗan akuya da aka shanya, an zare masa ƙusa an miƙe shi sak. Ban tambayi ko wane ne ba, domin na san shi. Shi ne dai wanda na ji a baranda yana ce wa abokinsa, "Wai me Baban Hoto yake yi ne a tiyata? Na'ura ce ke komai, shi danna maɓalli kawai." Yana zaton kunnena ya riga ni tsufa.

To ku ɗaliban da aka turo mana daga makarantar koyon aikin lafiya, ga takarda na rubuta muku, tunda in na tsaya yin bayani da baki waya kuke latsawa. Sunana Tanimu, mutumin Janfalan ne ni, a ƙasar Ikara. Aikina ɗaukar hoton cikin jikin mutane, kuma na ɗauki haƙarƙarin da in an jera shi zai yi wa Kudan shinge har a sami na ƙofa.

Hoton farko da na ɗauka na wani mai tumatir ne daga Kudan, wanda jaki ya harba a kwiɓi. A wani ƙaramin asibiti ne a ƙasar Ikara, inda na koyi aiki a hannun Oga Yohanna, mutumin kudancin Kaduna, dogon da in ya miƙe tsaye a Ikara yana iya gaya maka farashin rake a Makarfi. Injin namu kuwa in an kunna shi sai fitilun unguwa su yi sallama. Kayan aikin ba su da yawa: kaset ɗin da ake sa fim, ɗakin duhu mai warin ruwan wanki, 'yan harufan dalma na nuna hagu da dama, sai rigar dalma mai nauyin buhun masara. Na kwantar da mai tumatir, na saita inda ya nuna mini da yatsa, na danna. Fim ya fito tas, ba ɗigo ba tabo, sai dai wurin da jaki ya harba ba ya ciki.

Oga ya ɗaga shi a haske ya ce, "Kyakkyawan hoto. Na wane ne?"

Na ce, "Na mai tumatir ne, Oga."

"Ka taɓa shi?"

"Ai ya nuna mini wurin."

"Jaki ma ya nuna maka wurin. Na ce ka taɓa shi?"

Ranar ya sa na ƙirga haƙarƙarin duk wanda ya shigo, daga sama har na ƙarshe, na lalubo ƙashin ƙugu, har da wani da ciwon haƙori ya kawo shi. Maganarsa kullum ita ce hoto ba mutum ba ne, labarin mutum ne na lokacin da aka ɗauka. In mutumin ya motsa, labari ya tsufa.

Shi ya koya mini sha'anin numfashi. Ƙoda ba a daskare take ba. In ka shaƙi iska ta sauka, in ka fitar ta hau, kamar tarwaɗa a cikin randa. Ka ce wa manominmu ya ja numfashi ya riƙe, sai ya zuƙe iskar ƙaramar hukuma gaba ɗaya, ƙoda ta tafi ziyara wajen ƙugu. Wani kuma mai ladabi ne, kana cewa "riƙe", daidai lokacin da za ka danna sai ya ce, "To, likita," iskar ta fice. Saboda haka Oga yakan fara da cewa, "Baba, na yafe maka amsawa." Tun a nan ya kamata in gane cewa ladabin mutanenmu ya fi rashin kunyar wasu ɓata hoto.

Sai muguwar shekara ta zo. Injin ya yi wani tari da safe, ya fitar da hayaƙi, ya cika. Aka rubuta takarda ta hau sama, ba ta sauko ba. Oga Yohanna ya jira har lokacin ajiye aikinsa ya yi, ya tafi gida. Ni aka ajiye ni a teburin kati, ina rubuta suna da unguwa. Hannu ya fara mantuwa. Ran kasuwar Makarfi sai in hau mashin in je in zauna a rumfar wani abokina, Wanzam Ilu, in ci gyaɗa in kalli yadda yake kafa wa mutane ƙaho.

Wata rana wani dattijo ya tuɓe riga ya juya baya, Ilu ya duba tabon ƙahon da ke bayan ya ce, "Waɗannan ukun nawa ne. Wannan na ƙasa kuwa aikin wanzamin Kudan ne, askarsa hagu take karkata."

Na ce, "Kai Ilu, har rajista kake da ita a bayan mutane?"

Ya ce, "Kai da kake ɗan boko ba ka sani ba? Duk mai ciwon baya ni yake fara gani kafin ya zo wurinku. Ni nake sa hannu a takardar farko. Riga ta tsufa a sake, ƙiba ta zo ta tafi, tabo yana nan inda na ajiye shi."

Shekara guda na yi ina kallon bayan mutane a rumfar nan. Da aka kawo sabon inji na koma aiki da wata ɗabi'a: duk wanda zan ɗauka hoton ƙodarsa, sai na zana bayansa a ɗan littafi da fensir, tabon ƙaho da komai. Abokan aiki suka sa mini suna magatakardan wanzamai. Na ƙaro karatu, aka mayar da ni babban asibiti a birni, ban bar littafin ba.

Yanzu ga aikin da kuka ce danna maɓalli ne. Mutum yana da tsakuwa a ƙoda. A da sai a tsaga kwiɓi kamar za a yi fiɗa. Yau 'yar huda ake yi ta baya: a fara sa doguwar allura har cikin ƙoda, a faɗaɗa hanyar, a zura bututu, a farfasa tsakuwar a kwaso. Allurar farkon nan ita ce komai. Ƙofar da ake son ta shiga ba ta fi ƙwayar gyaɗa ba, ga huhu a sama, ga babban hanji a gefe, ga jijiyoyin jini a ciki suna jiran tsokana.

Kafin tiyata nakan manna wa mutum 'yan maɓallai shida a baya, in kwantar da shi rub da ciki a kan irin matashin da zai kwanta a tiyata, a ɗauke shi a babban injin sikanin. Maɓallan suna fitowa a hoton fari tas. A ɗakin tiyata akwai kyamara mai ido biyu a kan sanda, da wani ɗan alƙalamin ƙarfe da take bi da kallo. Sai in taɓa maɓallan ɗaya bayan ɗaya da alƙalamin, kwamfuta ta haɗa na jikin mutum da na cikin hoto. Wannan shi muke kira daidaitawa. In an gama, duk inda allurar likita ta nufa za ta gan ta a gilashin kwamfutar tana tafiya cikin hoton. Kwamfutar kuma takan nuna lamba, wato yawan saɓanin da ta samu. In bai kai milimita biyu ba sai ta yi kore, kowa ya yi murmushi.

Ku riƙe wannan: lambar nan cewa take yi maɓallan hoto sun dace da maɓallan baya. Iyakar saninta ke nan. Ba ta taɓa ganin ƙoda ba, ba su ma gaisa ba.

Malam Hudu manomin rake ne daga Gubuchi, mai kimanin shekara sittin. Ƙodarsa ta hagu ta daɗe da daina aiki, ta daman ce kaɗai ke riƙe da shi, ita kuma tsakuwa ta cika ta, mai rassa kamar ɗanyar citta. In allura ta kauce ta fasa jijiya har aka rasa wannan ƙodar, babu ta canji. Likitar da za ta yi aikin ita ce Dakta Sa'adatu, mace mai hannu kamar na mai saƙa, wadda maganarta ta yini ba ta cika cokali ba.

Na manna masa maɓallai shida, na zana bayansa, aka yi hoto, aka sa tiyata washegari. Washegari motar 'yan kasuwa ta kife a hanya, aka cika ɗakin tiyata da masu karaya, aka ɗaga aikinsa kwana huɗu. Malam Hudu ya ce shi kam a bar shi ya je gida. An riga an sare rake, yankakken rake kuwa ba ya jiran kowa, in ba a matse an dafa mazarƙwaila ba tsami zai yi. Sake hoto ba abin so ba ne, domin ruwan da ake sa wa mutum a jijiya don ƙoda ta fito sosai yana wahalar da ita, tasa kuma guda ce. Sai na kawo faffaɗan filasta mai kamar leda, wanda ake ganin abin da ke ƙarƙashinsa, na rufe maɓallan shida gaba ɗaya.

Na ce, "Baba, kada ruwa ya taɓa. Kada a cire. Kada ka je kusa da aikin ƙarfi."

Ya ce, "To, likita." Mutanenmu duk mai farar riga likita ne.

Ya dawo ranar da aka ce, tare da matarsa, Iya Hanne. Na tambaye shi, "Baba, filasta lafiya?" Ya ce, "Ga shi nan, likita." Na ɗaga riga na leƙa, na ƙirga shida, na saki rigar.

Aka shiga da shi da hantsi, aka ba shi maganin barci, aka kifa shi a kan matashi. Na taɓa maɓallai shida. Kwamfuta ta yi kore, lambar ko milimita ɗaya ba ta kai ba. Dakta ta dubi gilashi ta ce, "Baban Hoto, yau ka ci gasa," ta miƙa hannu a ba ta abin wanke fata.

Ni kuwa lambar ba ta yi mini ba. Wanda ya kwana a gadon asibiti ma ban taɓa samun irinta a kansa ba, balle wanda ya yi kwana huɗu a ƙauye. Na sake duban bayan. Filasta a miƙe yake sak da ƙashin baya, kamar sahun sallar Idi. Ni ba na manna shi a miƙe. Karkata shi nake yi ya bi kwanciyar haƙarƙarin ƙarshe. Na zaro littafi. A zanena tabon ƙaho uku ne a kwiɓin dama, maɓallin sama yana zaune a kan na tsakiya. A bayan Malam Hudu tabon tsakiya yana nan a fili yana kallona, maɓalli ya sauka ƙasa da shi da yatsa biyu.

Na ce, "Dakta, a ɗan dakata."

"Me ya faru? Kore ne."

"Koren ne ya yi yawa, ranki ya daɗe."

"Malam Tanimu, mutum na kwance cikin maganin barci kana yi mini karin magana?"

Na lalubo ƙarshen haƙarƙarinsa na ƙasa da yatsa, yadda Oga Yohanna ya koya mini ranar mai tumatir, na ɗora bakin alƙalamin a kai. A gilashi, bakin alƙalamin yana shawagi cikin tsoka, haƙarƙarin yana wani wuri dabam. Dakta ta duba, ta sauke hannu. Abu biyu ne zai iya jawo haka: ko kwanciyarsa ce ta saɓa da ta ranar hoto, a gyara matashi a sake, ko maɓallan ne suka yi hijira, a watsar da su. Wanda zai gaya mana yana barci.

Ta ce, "Minti biyar. Matarsa na waje."

Na sami Iya Hanne a kan tabarma a baranda, da kwanon fura a rufe a gabanta. Na gajarta gaisuwa yadda ban taɓa yi wa babba ba.

"Iya, sannu da zama. Filastan nan na bayan Baba, ya taɓa fita?"

"Wace ni, likita, in taɓa kayan asibiti?"

"Ban ce kin taɓa ba, Iya. Filastan namu ne ba shi da kirki. Da kansa yake fita, ya sha yi mana haka. Makon jiya ma sai a tasha muka kamo wani."

Ta gyara mayafi, ta dubi kwanon fura. "To, tunda ka ce halinsa ne. Rana ta biyu Malam ya ce shi kallo kawai zai yi a wajen dahuwa. Ka san kallon namiji. Kafin la'asar yana bakin wuta da muciya. Gumi ya jiƙa shi, da ya tuɓe riga sai ga abin nan ya biyo ta, ɗungurungum, da 'yan maɓallansa a jiki."

"Me ya sa ba ku faɗa ba?"

"Malam ya ce mutane sun yi ɗawainiya sun manna, mu komo mu ce mun ɓata musu aiki? Da wane ido? Amma ka kwantar da hankalinka, ko ɗaya bai faɗi ba, na ƙirga, shida cif. Na aika kemis aka sayo wani filasta na kama gefe-gefen. Na ma gyara muku."

"Kika gyara, Iya?"

"Ai da a karkace yake. Na ce bawan Allah nan aiki ya yi masa yawa, sauri yake. Sai na sa tsinken tsintsiya na auna da ƙashin baya, na miƙe shi."

Kun ga yadda aka yi kwamfuta ta yi kore. Maɓallan shida sun tashi tare, sun sauka tare, tazarar da ke tsakaninsu ba ta canja ba, filasta ya riƙe su gam. Kwamfuta ta auna su da juna ta ga daidai. Gari ne guda ya tashi ya koma wani wuri, kowa da maƙwabcinsa na da.

Na koma na gaya wa Dakta a jimla biyu. Muka ɓalle filasta, na ajiye shi gefe. Muka koma kan abin da tsinken tsintsiya ba ya iya matsarwa: ƙarshen haƙarƙari, tudun ƙashin baya, bakin ƙashin ƙugu, muna tabbatar da kowanne da ƙaramin injin hoton da ke ɗakin tiyata. Sannan na ɗora abin sikanin hannu a kwiɓinsa, mai ba da maganin barci ya tsayar masa da numfashi daidai bayan fitar iska, yadda aka yi ranar hoto, na bi gefen ƙodar kanta na haɗa da na cikin hoton. Lamba ta fito mummuna, ta haura biyu, ruwan ɗorawa maimakon kore. Amma na taɓa wurare uku da ban sa su cikin lissafin ba, kowanne alƙalami ya sauka inda ya kamata.

Dakta ta ce in ɗora mata tsohuwar hanyar da aka shata wa allura a kan sabon daidaiton. Na ɗora. Layin ya zame ta ƙasan ƙoda ya shige gefen babban hanji. Ta kalla, ta ce, "Hm." A wurinta wannan huɗuba ce.

Aka wanke fata, aka rufe, aka sake tsayar da numfashi, allura ta shiga sau ɗaya. Ta zare siririn ƙarfen da ke cikin allurar, fitsari ya ɗigo fari, ɗis, ɗis, alamar an shiga ƙofar da ake so. Tsakuwar da aka kwaso ranar nan da na kai wa magina da sun yi harsashin shago da ita.

Daga aikin nan muka sake tsari. Kowane maɓalli yanzu sai na kewaye shi da tawadar da ba ta wankuwa da wuri, in ya matsa zobensa zai tona shi. Ba ma yarda hoto da tiyata su yi nisa in da hali. Ba a sa allura sai an gwada wurin da ba ya cikin lissafi, komai kyan lamba. Bayani kuma ba mara lafiya kaɗai nake yi wa ba, sai an kira mini mai jinyarsa, kuma na daina cewa "kada ya fita". Wanda ka ce wa kada ya fita, in ya fita ɓoye maka zai yi. Cewa nake, "Filastan nan ɗan banza ne, zai fita. In ya fita ku kawo mini ƙararsa." Littafin zane kuwa, waɗanda suka kira ni magatakardan wanzamai yanzu su ke aron fensirina ba sa mayarwa.

Ranar da aka sallami Malam Hudu, da ƙodarsa guda tana aiki, Iya Hanne ta biyo ta ofishina da curin mazarƙwaila biyu a ƙwarya. Na yi godiya, na zaunar da ita, na yi mata bayanin komai a hankali, haƙarƙari da tabo da hanji, har da zane. Ta saurara har ƙarshe tana gyaɗa kai. Da ta miƙe za ta tafi sai ta tsaya a bakin ƙofa.

"Na ji, likita, Allah ya saka. Amma dai ka yarda a karkace ka manna shi."

Na ce, "Na yarda, Iya."

Shi ne wannan da ke jikin allo. Na wanke shi na sa a leda, na kafa shi a karkace yadda ya zauna a bayan Malam Hudu ranar farko. Duk shekara ana turo mana ɗalibai, duk shekara sai an sami mai kirkin da zai miƙe mini shi in na fita. Wanda ya tsaya ya tambaye ni me ya sa yake haka, shi nake fara ba alƙalamin a ɗakin tiyata.

Kai da ka miƙe shi jiya, ban yi fushi ba. Ido gare ka, ga son a ga abu daidai, Iya Hanne ma haka take. Na mayar da shi yadda yake. Gobe da hantsi akwai wani mai tsakuwa daga Kudan. Ka zo da fensir da littafi, ka bar tsintsiyar a gida.